Kiɗan hadko pank: tambayoyi da amsoshi kan hayaniyar matasan da suka ƙosa da rayuwar Yamma

Mene ne hadko pank, kuma me ya raba shi da pank na farko?

Da boko ana rubuta sunan hardcore punk, mu kuma za mu riƙa cewa hadko a taƙaice. A kiyaye, tunda bakin Bahaushe bai cika raba "p" da "f" ba: wannan daban yake da fank irin na su James Brown, wanda ake yi don rawa da nishaɗi.

Pank, wani salon kiɗan jita da ganguna mai sauri da kaushi, ya ɓullo a Niyok da Landan tsakanin 1974 da 1977, a hannun ƙungiyoyi irin su Ramones da Sex Pistols da The Clash. Kusan dukkansu sun sa hannu da kamfanonin faifai masu ƙarfi, Sex Pistols kuma suka watse a Janairun 1978. Yaran da suka taso bayansu, 'yan shekara 15 zuwa 20, sai suka ɗauki kiɗan suka ƙara masa wuta. Waƙar minti uku ta koma ta minti ɗaya, rerawa ta koma ihu, adon gashi da rigunan fata masu ƙusoshi suka ba da wuri ga aski ƙwal da wandon jins da riga mai gajeren hannu. Babban bambancin dai yana wajen kuɗi: 'yan hadko su suke buga faifansu, su shirya wasansu, su sayar da hannunsu.

A ina aka fara?

Garuruwa uku na Amurka ake fara ambata. A gefen Los Anjalis, a wani garin bakin teku mai suna Hermosa Beach, Greg Ginn ya kafa ƙungiyar da ta zama Black Flag a 1976, ya kuma buɗe kamfanin SST don fitar da faifanta. A San Faransisko akwai Dead Kennedys tun 1978. A Washintan akwai Bad Brains, sannan Minor Threat ta mawaƙi Ian MacKaye, da ta rayu daga 1980 zuwa 1983. Bostan da Niyok suka biyo baya da su SSD da Agnostic Front da Cro-Mags, inda wasannin ranar Lahadi da rana a gidan kiɗa na CBGB da ke Niyok suka zama matattara.

Birtaniya ta yi nata salon a lokaci guda: Discharge daga Stoke-on-Trent, GBH daga Birmingham, The Exploited daga Edinburgh. Crass ba ta da saurin waɗannan, amma ita ta fi kowa koya wa matasa siyasar ƙin yaƙi da ƙin hukuma.

Me ya fusata waɗannan matasa haka, alhali a ƙasashe masu arziki suke?

An yi musu alkawari ne, suka ga ba a cika ba. Alkawarin shi ne: ka yi karatu, ka sami aiki, ka sayi gida da mota a unguwar gefen birni, hankalinka ya kwanta. Yaron da aka haifa a 1963 ya buɗe ido ya tarar da Nixon ya sauka daga mulki cikin abin kunya a 1974, yaƙin Biyetnam ya ƙare a 1975 bayan Amurka ta kwashi gawawwakin sojoji fiye da dubu 58, farashin kaya yana ta hawa. Yayyensa 'yan hifi (hippie), waɗanda suka yi ta waƙar ƙauna da zaman lafiya, sun yanke gashi sun shiga ofis. Haushin da 'yan hadko ke ji da hifi ya kusa kai wanda suke ji da gwamnati.

Sai aka shiga 1980. A shekarar gwamnatin Carter ta dawo da dokar rajistar samari 'yan shekara 18 don shirin aikin soja, bayan Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan. Ronald Reagan ya hau mulki a Janairun 1981, a Agusta ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da dubu 11 da suka shiga yajin aiki. Ƙarshen 1982 rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 10.8 cikin ɗari. A Birtaniya ƙarƙashin Margaret Thatcher masu zaman kashe wando sun haura miliyan 3 a Janairun 1982, shekarar da aka yi yaƙin tsibiran Falkland. Bisa duk wannan ga fargabar nukiliya: a 1983 aka fara girke sababbin makamai masu linzami na Amurka a Yammacin Turai, yara da yawa kuma sun yarda har zuci cewa ba za su kai shekara 30 ba. Shi ya sa bangon faifan Discharge ke cike da hotunan yaƙi baƙi da fari, waƙoƙinsu kuma layi uku ko huɗu ne ake maimaitawa kamar kanun labari.

Akwai kuma abin da ya fi siyasa kusa da jiki. Mutuwar aure a Amurka ta kai ƙololuwa wajen 1980. Yara da dama suna dawowa daga makaranta su buɗe gida da makullin da ke rataye a wuyansu, ba kowa sai talabijin. Unguwannin gefen birni an gina su don mota: gidaje iri ɗaya a jere, ba dandali, ba zaure, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Idan ka saurari Black Flag da kyau za ka ji kaɗaici da ƙunci da tsoron haukacewa sun fi sunan shugaban ƙasa yawa a bakinsu. A ganinmu wannan ɓangaren ne ya sa kiɗan bai tsufa ba, don Reagan ya tafi, gundura da kaɗaici suna nan.

Ashe ba 'ya'yan masu hali ba ne ke kukan daɗi?

Akwai gaskiya a zargin. Yawancin yaran Washintan da Kalifoniya na farko daga gidajen masu rufin asiri suka fito, wasu iyayensu malaman jami'a ne ko 'yan jarida ko ma'aikatan gwamnati. Henry Rollins yana kula da shagon sayar da askirim ne kafin ya shiga Black Flag a 1981. Wanda ke da gidan komawa ya fi samun ƙarfin halin cewa ba ya son aiki.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. 'Yan Niyok da yawa a kango suke kwana a unguwar Lower East Side, 'yan Birtaniya kuma 'ya'yan leburori ne daga garuruwan da masana'antu suka rufe. Ko masu halin ma, tafiyar wasa ta koya musu yunwa: mutum shida ko bakwai a ƙaramar motar bas, ana kwana bisa kayan kiɗa.

Yaya ake haɗa kiɗan kansa?

Kayan aiki huɗu ne: jita mai lantarki ɗaya ko biyu, jitar bas, saitin ganguna, da murya. Sauri yakan kama daga bugu 180 zuwa sama da 220 a minti. Waƙa takan ɗauki daƙiƙa 40 zuwa minti biyu, ƙungiya kuma ta gama wasanta cikin minti 15 zuwa 25.

A jita, kusan komai a kan kamu ɗaya yake, na tsirkiya biyu. Ka ɗora manuniya a gaɓa ta 3 ta tsirkiya mafi kauri, yatsan zobe a gaɓa ta 5 ta tsirkiyar da ke bi mata, ka danne sauran da cikin yatsa don kada su yi ƙara. Wannan siffar ake zamewa da ita sama da ƙasa a wuyan jita ba tare da an sake ta ba. Kamu uku ko huɗu sun isa waƙa guda. Hannun dama yana kaɗawa ƙasa-ƙasa in dai sauri bai fi ƙarfinsa ba, don ya fi nauyi a kunne, in ya fi ƙarfinsa sai a koma sama da ƙasa. Idan ana son sauti mai kama da gurnani, sai a ɗora gefen tafin hannu a gindin tsirkiyoyi. Amfilifaya mai wat 50 zuwa 100 da akwatin lasifika huɗu masu inci 12 sun isa su yi gogayya da ganguna.

Mai ganga yana musanya babbar gangar ƙafa da ƙaramar ganga mai amon "tas": dum-tas, dum-tas, ba hutu, ɗaya hannun yana yanka lokaci a kan farantan ƙarfe. Salon Discharge, wanda ake kira D-beat daga harafin farko na sunansu, ya ɗan bambanta: ƙaramar ganga tana nan a bugu na 2 da na 4, ƙafa kuma tana zamewa tana faɗawa tsakanin bugu, sai kiɗan ya riƙa yi kamar sukuwar doki. Sannan akwai karyewa, inda ake raba sauri biyu ana tsakiyar waƙa. 'Yan Niyok suka ƙware a wannan, a nan ne fili ke rikicewa.

Me ke yawan lalacewa ga masu koyo?

Mai jita yakan murɗa maɓallin gurɓata sauti har ƙarshe, ya kuma rage sautin tsakiya. Shi kaɗai a ɗaki zai ji daɗinsa, da ganguna sun shigo sai jitar ta ɓace, ta koma kamar shuwar ruwan sama a kwano. Maganin: gurɓatawa rabi, sautin tsakiya sama da rabi.

Mai ganga yakan ƙanƙame sanda ya buga da dukan damtse, kafin waƙa ta uku hannu ya sage, sauri ya faɗi. A saki sanda ta riƙa dawowa da kanta, a yi aiki da wuyan hannu da yatsu. A fara da na'urar ƙidayar bugu a 140, a ƙara 5 sai an iya minti biyu ba kuskure.

Mawaƙi kuwa, in ya matse maƙogwaro ya yi ihu, murya za ta dishe cikin kwana biyu na tafiya. Iskar daga ciki take tasowa, makirufo ne ke ɗaukar nauyin ƙara. Ƙaiƙayi ko zafi a wuya alama ce ta a tsaya nan take.

Kuskuren da ya fi duka shi ne rashin tsayawa tare. Waƙoƙin cike suke da tsayawar bazata na rabin daƙiƙa, in mutum ɗaya ya makara kowa zai ji. Bad Brains sun fara ne da kiɗan jaz kafin su juya, shi ya sa har yau ba a cika samun mai saurinsu da tsabtarsu ba.

Mene ne "yi da kanka", kuma yaya ake fitar da faifai ba kamfani?

Misalin da kowa ke bayarwa shi ne Dischord, ƙaramin kamfanin faifai na Washintan. A 1980 Ian MacKaye da Jeff Nelson suka ɗauki dala 600 da ƙungiyarsu Teen Idles ta tara daga wasanni, suka buga kwafi 1,000 na ƙaramin faifai mai inci 7. Bangon ma da almakashi da gam suka yanka suka liƙa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da ya dawo suka zuba a faifan abokansu. Yawancin ɗaukar a situdiyon Inner Ear aka yi, wanda a lokacin ɗakin ƙarƙashin gidan Don Zientara ne a Arlington.

Matakan ba su sauya ba. A ɗauki kiɗa gaba ɗaya a ɗaki guda, a ɗora murya daga baya. A haɗa, a daidaita ƙara, a sassaƙa a kan faifan uwa, masana'anta ta yi farantan bugu, ta aiko da faifan gwaji. A saurari gwajin a garmaho biyu ko uku kafin a ce a buga, don bayan nan ba gyara. Fuska ɗaya ta faifai mai inci 7 tana ɗaukar kusan minti 4 da rabi a juyi 45, ko minti 6 zuwa 7 a juyi 33. In aka cusa fiye da haka sai layukan su matse, ƙara ta ragu, waƙar ƙarshe da ke kusa da tsakiya ta yi kaushi. Faifan da aka bari a mota cikin rana kuwa lanƙwashewa yake yi. Gajartar waƙoƙin hadko ta dace da wannan faifai: takwas ko goma suna shiga a guda ɗaya mai arha.

Talla kuma ta ƙananan mujallu ce da ake bugawa da fotokofi. Flipside ta fara a Los Anjalis a 1977, Maximumrocknroll ta zama mujalla a 1982 ƙarƙashin Tim Yohannan, tana buga rahotannin garuruwa da adireshi, har yaro a Finlan ya riƙa musayar kaset ta gidan waya da yaro a Barazil. Ta daina fitowa a takarda a 2019. Yau Bandcamp da Instagram ke wannan aikin.

Yaya ake shirya wasa, kuma ina haɗarin yake?

Da yake masu sauraro yara ne da gidajen giya ba sa bari su shiga, sai a kama zauren coci, ko na tsofaffin sojoji, ko ɗakin ƙarƙashin gida. Ƙungiyoyi huɗu ko biyar, suna aron ganguna da akwatunan lasifika don kada sauyi ya wuce minti 10. Ɗauki misali: mutum 100 sun biya dala 5, an tara 500. A fitar da hayar zaure da ta na'urar murya, abin da ya rage a fara ba baƙin da suka taho daga nesa kuɗin mai, 'yan gari su haƙura da ragowa. Fugazi, ƙungiyar da MacKaye ya kafa daga baya, ta shafe shekaru tana riƙe kuɗin ƙofa a dala 5, ba ta kuma sayar da riguna.

Wutar lantarki ce matsala ta farko. Layin gida ɗaya a Amurka yawanci amfiya 15 ne a bolt 120, wato wat 1,800. A jona amfilifaya uku da na'urar murya da fitilu a kansa, sai ya yanke ana tsakiyar waƙa. A raba su layi biyu. In wayar ƙasa ba ta da kyau, mai jita zai sha shokin a leɓe da ya taɓa makirufo. Kukan lasifika mai huda kunne kuma daga fuskantar da makirufo ga lasifika yake zuwa.

Gobara ce mai kisa. A 2003 mutum 100 suka mutu a gidan rawa na The Station a jihar Rhode Island, bayan wasan wuta ya kama soson da aka liƙa a bango don rage ƙara. A Disambar 2016 mutum 36 suka mutu a wani sito da ake kira Ghost Ship a Oakland. Duka biyun ba wasan hadko ba ne, amma darasin na kowa ne: ƙofa biyu a buɗe, ba kaya a hanya, ba soson katifa a bango, ba a wuce adadin da ɗaki zai ɗauka.

Wannan turereniyar da ake gani a bidiyo faɗa ne?

Rawa ce, ko da yake tana fasa leɓe. Daga yankin Huntington Beach a Kalifoniya ta yaɗu wajen 1980. Akwai bangazar juna a tsakiyar fili, akwai gudu a da'ira, akwai hawa dandamali a faɗo kan jama'a. Dokokinta ba a rubuce suke ba: wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take, wanda ya tsinci takalmi ko tabarau ya ɗaga sama, wanda ba ya so ya tsaya a gefe kuma a ƙyale shi. Mai faɗowa ya duba akwai hannuwa, ya faɗo a kwance, kada ya zo da ƙafa ko gwiwa. Munanan raunuka na wuya da kai daga nan suke zuwa, musamman in jama'a sun dare.

Gaskiya kuma ita ce daga tsakiyar shekarun 1980 ƙarti masu neman rigima sun mamaye fili a garuruwa da yawa, suka kori mata da ƙananan yara zuwa bango. Har MacKaye ya riƙa tsayar da wasa yana mayar wa mai duka kuɗinsa.

Kunne fa?

Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka shi ne desibel 85 na awa 8, duk ƙarin 3 kuma yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ke nan, wasan ƙaramin ɗaki kuma yakan wuce haka. A murza toshiyar soso ta sirance, a ja kunne sama, a tura, a riƙe har ta kumbura. Ƙugin da ake ji bayan wasa alamar ɓarna ce, wani ba ya tafiya har abada.

Me alamar X a bayan hannu ke nufi?

A 1980 Teen Idles sun je wasa a Mabuhay Gardens a San Faransisko. Da yake ba su kai shekarun shan giya ba, masu gidan suka zana musu X a hannu don kada a sayar musu. Suka kawo dabarar Washintan, alamar hani ta koma abin alfahari. A 1981 Minor Threat ta fitar da waƙar da ba ta kai minti ɗaya ba, wadda sunanta, straight edge, ya zama sunan tafiyar: ba giya, ba sigari, ba ƙwaya. Daga baya wasu suka ƙara da barin nama.

Kada mai karatu ya ɗauka wa'azi ne na addini. Hujjarsu ita ce maye hanya ce ta kwantar da matashi ya daina tambaya, kamfanoni kuma su ci riba. MacKaye ya sha faɗin cewa shi ba ƙungiya ya yi niyyar kafawa ba, wasu mabiyan kuwa sun wuce gona da iri har suna dukan masu sha.

Fararen fata maza ne kaɗai?

Su suka fi yawa, amma Bad Brains, da kusan kowa ya yarda su ne gwanaye, baƙaƙe ne mabiya Rasta masu haɗa hadko da rege. Black Flag ta yi mawaƙi ɗan asalin Puerto Rico, Ron Reyes, da mace mai bas, Kira Roessler. Los Crudos na Chicago da Sifaniyanci suke waƙa. Ƙorafin mata kan yadda aka tura su baya ya haifar da tafiyar su Bikini Kill a farkon shekarun 1990. 'Yan Nazi masu aski ƙwal sun yi ta kutsawa wasanni, aka yi ta korarsu da waƙa da kuma hannu.

Ga wani abu da zai ja hankalin ɗan Najeriya: mawaƙin Dead Kennedys, Eric Boucher, ya laƙaba wa kansa Jello Biafra, ya haɗa sunan wani kayan zaƙi na kanti da sunan Biyafara, don ya gwama ƙoshin Amurka da hotunan yunwar yaƙin basasa. A 1979 ya tsaya takarar magajin garin San Faransisko yana ɗan shekara 21, ya zo na huɗu.

Yaya hukuma ta ɗauke su?

A Los Anjalis zamanin shugaban 'yan sanda Daryl Gates, tarwatsa wasa da kulki ya zama ruwan dare, tun daga abin da ya faru a zauren Elks Lodge ranar 17 ga Maris 1979. An gurfanar da Biafra kan wata fosta da aka sa cikin faifan 1985, shari'ar ta watse a 1987 da masu taimaka wa alƙali suka kasa cimma matsaya, amma kafin nan ƙungiyar ta mutu. Nesa da Yamma ma haka ne: a Disambar 2011 'yan sanda a Banda Aceh ta Indonesiya sun kama 'yan pank sama da 60 a wajen wasa, suka aske su, suka tsare su kwana 10 don "gyaran hali".

Kiɗan ya mutu ne, ko kasuwa ta haɗiye shi?

Zangon farko ya ƙare wajen 1986, shekarar da Black Flag da Dead Kennedys suka watse. Wasu suka karkata ga salon kiɗa mai nauyi da ake kira metal, wasu ga waƙoƙin zuci masu taushi. Masu tsinuwa ga jari-hujja ma kuɗi ya raba su: a 2000 tsofaffin 'yan Dead Kennedys sun yi nasara a kotu kan Biafra game da haƙƙin faifai. CBGB ya rufe a 2006, kantin tufafi masu tsada ya maye gurbinsa. Ƙungiyar hadko ta Turnstile daga Baltimore ta kai ga shiga takarar lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2023, abin da wasu ke murna da shi wasu ke tsaki.

Ƙananan ɗakunan dai suna aiki. Zauren 924 Gilman Street a Berkeley, da aka buɗe a daren ƙarshe na 1986, har yanzu 'yan sa kai ke gudanar da shi, kowane mai shekaru yana shiga, ba giya, ba ƙwaya, ba wariyar launin fata, ba ƙungiyar da ke hannun babban kamfani. Da Green Day, waɗanda a can suka taso, suka sa hannu da babban kamfanin Reprise a 1993, an rufe musu dandamalin. Sai a 2015 aka bar su suka dawo, don wasan tara kuɗin taimako.